Kaskar zuma a amyoyinmu: tambayoyin masu kiwon zuma na Adamawa da arewacin Kamaru

Tun da maganar kaskar zuma ta fara yawo a bakin masu amya, da wuya in je kasuwar Ngaundal in dawo ba wanda ya tare ni da tambaya. Wani ya ga hoto a waya, wani ɗansa ɗan makaranta ya gaya masa cewa ƙwaron nan ya gama da zumar Turawa, wani kuma har ya sayo magani yana neman wanda zai ce masa "zuba". Ni mai amya ne, na gaji ta ciyawa wajen mahaifina, daga baya na ƙara da na katako. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, da abin da nake amsawa.

Mece ce kaskar zuma, kuma yaya kamanninta?

Masana suna kiranta Varroa destructor. Mu mun laƙaba mata kaska ne don sana'arsu ɗaya da ta shanu: ta manne, ta tsotsa. Ja ce mai duhu, kamar ɓarin goron da ya kwana, a baje take, faɗinta ya fi tsawonta. Faɗin kamar milimita 1.6, tsawon kuwa 1.1, wato ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Ƙafafunta takwas, ba ido, ba fiffike. Duk tafiya mai nisa da za ta yi, a jikin ƙudan zuma take yinta.

Da can an ɗauka jinin ƙuda take sha. A 2019 bincike ya nuna cewa wani kitse take ci a cikin cikinsa, kitsen da yake yi wa ƙuda aiki irin na hanta, yake tace guba, yake adana ƙarfi. Shi ya sa ƙudan da kaska ta ci tun yana tsutsa yake fitowa ƙarami, ba ƙwari, ba tsawon kwana. Bayan haka tana ɗauke da ƙwayoyin cuta daga wannan ƙuda zuwa wancan, musamman wadda take murɗe fiffike. Sau da yawa cutar ce take kashe amya, kaskar dillaliya ce kawai.

Daga ina ta zo mana?

Daga Asiya. Can akwai wani ƙudan zuma daban, Apis cerana, wanda suka daɗe tare da ita har suka san halin juna. Da aka kai ƙudan Turai yankin, kaskar ta tsallaka kansa, shi kuwa bai san ta ba. Ta bazu a Turai cikin shekarun 1970, ta shiga Amurka a 1987, aka gan ta a Afirka ta Kudu a 1997, a Kenya a 2009, a Madagaska a 2010. Rahoton farko na ganinta a Kamaru an wallafa shi a 2017. Ostareliya, da ta daɗe tana tinƙaho ba ta da ita, ta same ta a 2022, ta ƙone amyoyi masu yawa, a 2023 ta haƙura da batun kawar da ita.

Abin lura a nan: ranar da aka rubuta rahoto ba ita ce ranar da kaska ta iso ba. Mai yiwuwa ta yi shekaru a amyoyinmu muna yankan zuma ba mu kula ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya rage firgita.

Yaya take haihuwa a cikin amya?

Wanda ya gane wannan ya gane rabin maganin, don haka bari in tsaya a kai.

Uwar kaska ba ta haihuwa a jikin babban ƙuda. Sai ta jira tsutsar zuma ta girma, ana gab da toshe mata rami, sai ta sauka daga bayan ƙudan da ke ciyar da tsutsar, ta shige can ƙasan ramin, ta nutse cikin ragowar abinci ta yi lamo. Ƙudaje su zo su rufe ramin da ita a ciki. Bayan kamar kwana uku ta yi ƙwan farko, wanda namiji ne. Daga nan kowace awa 30 ta ƙara ƙwai ɗaya, duka mata. Ta huda jikin ɗan zumar, ita da 'ya'yanta su riƙa ci a wuri ɗaya. Namijin ya sadu da 'yan'uwansa mata a cikin ramin. Ranar da ƙudan ya fasa murfi ya fito, uwar da 'ya'yanta mata da suka riga suka balaga su fito tare da shi. Namijin da waɗanda ba su nuna ba, a nan suke mutuwa.

To ka ga lissafin tsere ne da kwanaki. Ramin ma'aikaciya a ƙudan Turai yana zama a rufe kwana 12, kaska ta fitar da 'ya ɗaya, wani lokaci biyu. Ramin namijin zuma kuwa yana kaiwa kwana 14 zuwa 15, ta fitar da biyu zuwa uku. Saboda haka take rububin ramukan maza, ta fi son su ninki takwas ko fiye. Ƙudan Afirka yana riga na Turai fitowa daga rami, kuma ko kwana ɗaya aka rage wa kaska, an rage mata 'ya'ya.

Abu na biyu: a lokacin da sarauniya take zuba ƙwai sosai, mafi yawan kaskar tana ƙarƙashin murfi, ba a jikin ƙudaje ba. Wanda ya leƙa amya ya ce "ban ga komai ba" bai yi ƙarya ba, amma bai duba inda take ba.

Na ga wani jan ƙwaro a kan sarauniya. Ita ce?

Ba lalle ba. Akwai kwarkwatar zuma, Braula, wadda muka daɗe da ita a nan. Launinsu ɗaya, girmansu kusan ɗaya, biri ya yi kama da mutum. Amma kwarkwatar ƙafa shida gare ta, jikinta a dunƙule, tana son kan ƙuda da ƙirjinsa, tana da gudu, kuma abinci kawai take sata daga bakin ƙuda. Kaska kuwa a baje take kamar ƙaguwa, tana kutsawa tsakanin ɓawon cikin ƙuda ta ƙasa. Ka ɗora ta a farar takarda, ka ɗauke ta hoto da waya, ka buɗa hoton, ka ƙirga ƙafa.

Baƙin buzuzun nan ƙarami da ke gudu cikin lungu idan an buɗe amya shi ma daban ne, haka tsutsar da ke saƙa yana cikin kaki.

Waɗanne alamu zan gani idan ta yi yawa?

Ƙudaje masu murɗaɗɗen fiffike suna rarrafe a bakin amya ko ƙarƙashin bishiya. Saƙar 'ya'ya ta zama wake-wake, nan a rufe, nan ba komai. Murfin ramuka a huje, ana jawo fararen 'ya'ya ana zubarwa waje. Amya tana raguwa alhali furen maje da ɗorawa da kaɗanya ya buɗe, maƙwabtanta suna cika. Sai dai idan har ka fara ganin kaska da idonka a bayan ƙudaje, ta riga ta yi nisa. Kada ka jira alama. Ƙirga.

Yaya ake ƙirgawar?

Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Kayan aikin duk na gida ne.

Nemi kwalbar mayonez mai faɗin baki. Ka yanke tsakiyar murfin, ka sa ragar waya mai ido kamar milimita 3, wadda kaska za ta wuce ƙuda ba zai wuce ba. Gidan sauro ba ya yi, idonsa ya yi ƙanƙanta, na gwada na ɓata yammata guda. Ka auna ruwa mililita 120 da sirinji, ka zuba a kwalbar, ka ja layi a inda ya tsaya, ka zubar, ka shanya. Ƙudaje zuwa wannan layin kimanin 300 ne. Sannan a daka sukari a turmi ya yi laushi kamar garin alkama, a tankaɗe da rariya.

Da yamma liƙis, ka sa rigar kariya, ka ba amya hayaƙi kaɗan. Ka ciro saƙar da ke da tsutsa, don a nan ƙananan ƙudaje masu reno suke, kuma su kaska ta fi hawa. Ka duba da kyau sarauniya ba ta kai. Ka girgiza saƙar cikin roba sau ɗaya da ƙarfi. Manyan za su tashi, ƙananan su zauna. Ka karkata robar, ka kwashe su cikin kwalba zuwa layi, ka rufe. Ka zuba sukari cokali biyu na cin abinci ta ragar, ka juya kwalbar minti ɗaya har kowa ya yi fari fat, ka ajiye a inuwa minti biyu. Sai ka kifa ta a kan farin faranti mai ɗan ruwa, ka yi ta kaɗawa kamar mai barbaɗa yaji, minti ɗaya cur. Sukari zai narke, kaskar ta bayyana ja a kan fari. Ƙudajen ka mayar da su gida, 'yan'uwansu za su lashe su.

Abin da ka ƙirga ka raba uku, shi ne adadin kaska a kan kowane ƙuda 100. Kaska 9 a faranti, 3 cikin ɗari ke nan.

Sukari yana aiki da hunturu da rani, lokacin da iska ta bushe. Da damina a Ngaundere ko Tibati dunƙulewa yake, ya ba ka lissafin ƙarya. A lokacin sai ka yi amfani da alkol ɗin famasi, wanda ake goge wurin allura da shi, ko ruwan sabulun wanke-wanke. Ƙudaje 300 ɗin za su mutu, amma lissafin ya fi daidai, kuma sarauniya mai ƙarfi tana mayar da su a yini guda. Mai amya da yawa ba sai ya gwada duka ba. Ya zaɓi takwas ko goma a kowane wuri, ya rubuta a littafi da kwanan wata. Rubutun nan shi ne abin da mutanenmu suka fi raina wa, kuma shi ya fi amfani.

Malam, tawa amyar ta ciyawa ce a kan bishiya, ba a ciro saƙa. Ni kuma fa?

Baba, kai ranar yanka ce ranar dubawarka. A amyar gargajiya da wuya a yanki zuma ba a haɗo da ɗan yankin saƙar 'ya'ya ba. Maimakon a jefar, a ware shi. Ramukan maza sun fi girma, murfinsu ya tashi tsiri kamar kan harsashi, galibi a gefen saƙa suke. Da gari ya waye, ka zauna da ƙayar aduwa ko tsinke, ka buɗe ramuka 50 ko 100, ka jawo 'ya'yan ɗaya-ɗaya a kan farin faranti. Fari ne tas, jar kaska a jikinsa ba ta ɓuya. Ka leƙa cikin ramin ma, farin kashinta yana manne a bango. Rami biyu ko uku cikin hamsin ba abin tashin hankali ba ne. Idan kusan kowane rami da ka buɗe da kaska biyu ko uku, wannan amyar a sa mata ido.

Kuma bari in gaya maka abin da zai yi maka daɗi. Yadda kuke rataye amya, wannan a kan maje, waccan can nesa a kan baushe, yana rage yaɗuwar kaska. Mu da muke jera akwatuna kafaɗa da kafaɗa, ƙuda yana ɓatan ƙofa ya shiga gidan maƙwabci da kaska a bayansa.

Nawa ne ya yi yawa? Kuma gaskiya ne tana kashe amya ƙurmus?

A Turai da Amurka, idan lissafi ya kai 2 ko 3 cikin ɗari sai su sa magani, don amyar ƙudan Turai da aka bari haka nan galibi ba ta wuce shekara biyu zuwa uku. Wannan ma'auninsu ne, na ƙudansu.

Namu labarin daban ne. Da kaska ta shiga Afirka ta Kudu a 1997, an yi asara da farko, amma mafi yawan amyoyi ba a sa musu magani ba. Wani masani a can, Mike Allsopp, ya bi diddigin abin, ya ga ƙudan yankin Kef ya shawo kanta cikin shekara uku zuwa biyar, na cikin dajin ƙasar kuma cikin shida zuwa bakwai. A Kenya, binciken da aka wallafa a 2014 tare da cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ya sami kaska a mafi yawan wuraren da aka duba, amma bai ga tana rage ƙarfin amyoyi ba, har masu binciken suka ba da shawara kada a fara sa magani.

Dalilan duk halayen nan ne da muke zagin ƙudanmu a kansu. Yana da tsabta mai tsanani: ya ji warin rami mai kaska, ya buɗe, ya jawo ɗan ya yar, haihuwar kaskar ta lalace. Yana susa, yana cizon abin da ya hau shi. Yana yawan rabuwa, kuma duk rabuwa akwai makonnin da ba ƙwai, kaska ta rasa wurin haihuwa. In abu ya dame shi ya tashi gaba ɗaya ya bar saƙar 'ya'ya da kaskar da ke ciki. Sannan mafi yawan ƙudan zumar ƙasar nan a kogon bishiya yake, ba mai yi masa magani. Mai rauni ya mutu, mai ƙarfi ya hayayyafa, kuma daga cikinsu ne amyoyinmu suke cika kowace shekara.

Ba na ce a kwanta a yi barci ba. Madagaska ma Afirka ce, amma ƙudan tsibirin ya sha kashi sosai bayan 2010. Ni abin da nake bi shi ne: ba lamba ɗaya nake kallo ba, tafiyar lambar nake kallo. Amyar da ta ba ni 3 a Nuwamba, 3 a Fabrairu, kuma tana cika da zuma, ba na taɓa ta. Wadda ta tashi daga 2 zuwa 8, ga gurguwar fiffike a ƙofa, ita ce mai matsala, kuma matsalar ta ita kaɗai ce, ba ta sauran ba.

Maganin kaskar shanu yana hannuna. Ba kaska ba ce duka?

Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan. A ƙasar shanu muke, kowace kasuwa da teburin maganin dabbobi, kuma gaskiya ne cewa sinadaran da ake rubutawa amitraz da flumethrin a jikin kwalbar maganin shanu su ne a cikin wasu magungunan amya na Turai. Daga nan ne mutane suke ruɗuwa. Na amya an zuba shi ne cikin wani siririn roba da ke sakinsa kaɗan-kaɗan tsawon makonni, a ma'aunin da ƙuda zai jure. Na shanu ruwa ne mai kauri, an yi shi don sa mai kilo ɗari uku, haɗe da man da ke narkar da shi, wanda shi kansa guba ne ga ƙuda.

Wani ƙanina, ɗan kawuna, ya jiƙa tsumma da irin wannan ya cusa a amyoyi huɗu, bai tambayi kowa ba, bai ma ƙirga ba. Da safe muka je. Ƙarƙashin biyu ƙudaje ne baƙi ƙirin a ƙasa, wasu suna juyi a bayansu, cinnaka har sun fara ja. Ɗaya ta tashi ta bar zuma cike da saƙa, zumar da ba mu yarda kowa ya lasa ba, muka haƙa rami muka binne. Garin neman gira ya rasa ido.

Ko amyar ta tsira, asarar tana nan. Irin waɗannan sinadarai wasunsu suna narkewa cikin kaki su zauna shekaru. Kakin Adamawa yana fita har Turai, kuma abin da ya sa masu saye suke nemansa shi ne tsabtarsa, don nasu ya sha magani shekara da shekaru. Suna gwadawa a ɗakin bincike. Kaki kuwa tarawa ake yi daga hannu ɗari a narka wuri guda, na mutum ɗaya ya isa ya ɓata na gari. Bugu da ƙari, kaska tana sabawa da magani. A Italiya, tun farkon shekarun 1990 ta daina jin wani maganin amya mai suna Apistan, daga nan abin ya bazu.

To idan lissafi ya hau, me zan yi ba tare da magani ba?

Fara da yanke saƙar maza. A amyar Kenya mai sanduna ko akwati mai firam, ka bari su gina ramukan maza, sarauniya ta zuba ƙwai, a rufe, sai ka yanke ka fitar. Namiji yana fitowa kwana 24 daga ƙwai, don haka kada ka wuce kwana 20, in ba haka ba ka yi wa kaska gidan haihuwa da hannunka. Saƙar da ka yanke ka kai nesa, ka ba kaji ko ka ƙone. Wannan na amyar da kaska ta hau ne kawai. Masu ƙarfi ka bar musu mazansu, su muke so su hau sababbin sarauniyoyi.

Na biyu, raba amyar. Rabin da ba sarauniya zai yi reno ya fitar da sabuwa, kuma kafin ta fara ƙwai an yi makonni uku zuwa huɗu ba sabon rami. Lokacinsa shi ne sa'ad da fure ya buɗe, ba tsakiyar yunwa ba.

Na uku, wanda mutane ba sa son ji: amyar da kullum ita ce mai kaska, kullum ita ce mai gurgu, ka cire sarauniyarta ka ba su saƙar ƙwai daga amyar da ta fi kowa tsabta su yi sabuwa. Makiyayi ba ya barin bijimin da 'ya'yansa ke ciwo ya ci gaba da hawa. Idan kuma ta riga ta lalace, ka rufe ta da dare ka gama da ita kafin maƙwabta su zo wawason zumarta su kwashi kaska. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sauran kula ce ta yau da kullum: ruwa kusa da amya da rani, da tsakuwa a ciki kada su nutse, inuwa, rage faɗin ƙofa, da barin musu rabonsu na zuma ranar yanka.

Magungunan da aka yi don amya fa, suna aiki a zafinmu?

An yi su ne da yanayin Turai a zuciya. Asid ɗin fomik shi ne mai ratsa murfi ya kashe kaskar da ke cikin rami, amma ƙa'idarsa kada zafin rana ya wuce digiri 29 ko 30. A Garwa da Marwa da Njamena, inda Maris da Afrilu ke wuce 40, zai kashe sarauniya ne ko ya kore su. Timol, sinadarin da ke cikin maganin Apiguard, yana jure zafi fiye da haka, amma warinsa yana da ƙarfi, yana shiga zuma, ƙudanmu kuwa abu kaɗan ke sa shi tattara komatsai.

Asid ɗin oksalik ba ruwansa da zafi sosai, sai dai ba ya ratsa murfi, don haka amfaninsa lokacin da ba 'ya'ya a rufe ne, kamar bayan rabuwa ko sabon taron da ya shiga amya. Ma'auninsa giram 35 a lita ɗaya ta ruwan sukari, rabi sukari rabi ruwa, a ɗiga mililita 5 a kowane tsakanin saƙa biyu da ke da ƙudaje, kada ya wuce 50 a amya, kuma sau ɗaya. Yana ƙona fata da ido, sai da safar hannu da tabarau. Apivar, siririn roban nan mai amitraz, ana rataye shi tsakanin saƙar 'ya'ya aƙalla mako shida, a cire idan lokaci ya cika, kuma ba a sa shi alhali akwai zumar da za a yanka. Kowanne ka yi, ka sake ƙirgawa bayansa, in ba haka ba ba ka san ko kuɗinka ya yi aiki ba. Ni dai a amyoyina har yau lissafi bai kai ni ga sayen ko ɗaya ba.

Hayaƙin taba ko man dogon yaro?

Hayaƙin taba yana sa wasu kaska su faɗo, amma yana bugar da ƙudaje, ba ya taɓa na cikin rami, kuma warinsa yana kama zuma. Man dogon yaro an gwada shi, ma'aunin da ke damun kaska yana cutar da tsutsa. Kasancewar abu daga bishiya ba ya nufin ƙuda zai jure shi.

Ni kaki nake saye ina narkawa, ina kuma sayar da zuma. Akwai haɗari ga masu sha?

Babu, Hajiya. Kaskar zuma ba ta kama mutum, ba ta kama dabba, ba ta ɓata zuma. In ba ƙuda a kusa, kwanaki kaɗan take yi ta mutu, tafasa kaki kuma tana gamawa da ita nan take. Abin da za ki tambayi mai kawo miki kaya shi ne ko ya sa wani magani a amya.

An ce sarauniyar Turai ta fi ba da zuma kuma ba ta harbi. In sa a kawo mini?

Kada ka soma. Ita ce ainihin wadda kaska ke kashewa, za ka ɗaura wa kanka sayen magani har abada, mazanta kuma su gauraya da ƙudan unguwa su raunana abin da Allah ya ba mu kyauta. Ga kuma abin da za ta iya shigowa da shi. Akwai wata kaskar Asiya, Tropilaelaps, ƙarama, mai saurin haihuwa fiye da wannan, wadda a 'yan shekarun nan ta iso kudancin Rasha da Jojiya. Zuma da zaƙi da harbi, mu riƙe namu da harbinsa.

Amyata ta tashi. Kaska ce ta kore ta?

Kafin ka ɗora mata laifi, duba ƙasa ka duba kewaye. Kwarkwasa sun hau? Wutar daji ta bi ta ƙarƙashin bishiyar? Ruwan sama yana yoyo ciki? Rafin da suke sha ya ƙafe? An yi feshi a gonar auduga ko masara kusa, da rana, lokacin fure? Dage ya zo da dare? Ko ranar yanka an kwashe komai har da 'ya'ya, an babbake su da wutar ciyawa? A abin da na gani da idona, waɗannan sun raba mutanenmu da amyoyi fiye da kaska nesa ba kusa ba. Idan an bar saƙar 'ya'ya a rufe, ka buɗe ramukan da tsinke. In kaska ce, za ka tarar da gawarta da farin kashinta a ciki.

Ina zan kai abin da na gani don a tabbatar mini?

Kiwon zuma a Kamaru yana ƙarƙashin ma'aikatar kiwo, MINEPIA, don haka ofishin malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku shi ne ƙofar farko. Akwai makarantar likitancin dabbobi a Jami'ar Ngaundere, da cibiyar binciken IRAD a Wakwa, da ɗakin gwajin LANAVET a Bokle kusa da Garwa. Ka zuba kaskar da ƙudaje kamar 30 cikin ƙaramar kwalba mai alkol, ka rufe gam. Sunan ƙauye da kwanan wata da irin amyar ka rubuta su a 'yar takarda da fensir, ka jefa cikin kwalbar. Da fensir, ba da biro ba, don alkol yana wanke tawada.